Haɗa teburin awo: mariƙi da sukurori, da maganar karya ƙafar ƙasa ta osiloskop

Ɗan koyo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a sana'a. Shawara nake nema kafin in jona komai a wuta.

Na samu kayan awo guda uku na hannu, kuma duk suna aiki: osiloskop (na'urar da ke nuna siffar siginar wuta a allo) mai tasha biyu na 100 MHz, da mita ta tebur wadda ake jonawa a soket, da fawa safulai mai ba da bolt 30 da amfiya 5. An haɗo mini da jaka cike da tarkace. Akwai mariƙin mitar, da robobi biyu da ake sa mata gaba da baya, da wasu ƙarafa biyu masu huji-huji da ban gane amfaninsu ba, da sukurori a gauraye, dogaye da gajeru. Akwai tsinken osiloskop guda biyu, kowanne da ɗan makunni mai 1X da 10X (10X na rage siginar sau goma, 1X ba ya ragewa), da gajeriyar waya mai bakin kada. Sai wayoyin mita iri biyu: ɗaya an rubuta masa CAT III 600 V, ɗayan babu rubutun komai a jikinsa amma ya fi laushi da daɗin riƙewa.

Teburina ƙarami ne, don haka nake so in ɗora su a kan juna. Wanne ya kamata ya zauna a ƙasa? Sukurorin kuma, akwai laifi in na ɗaura duk wanda ya shiga?

Amma abin da ya fi damuna shi ne wannan. Aikin da na fi samu shi ne bod ɗin wuta na talabijin da cajar kwamfuta. Wani abokin aikina ya ce in dai zan auna ɓangaren da wutar gida ke shiga, to in karya ƙafar ƙasa ta fulogin osiloskop ɗin, ko in sa shi a adafta mai ƙafa biyu, in ba haka ba tartsatsi zai tashi. Ya ce haka yake yi tun da daɗewa, kuma ba abin da ya taɓa samunsa. Zuciyata ba ta kwanta ba, sai dai ba ni da hujjar da zan ba shi. Don Allah a fahimtar da ni.

Baba Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, don ita ce mai iya ɗaukar rai. Kada ka taɓa ƙafar nan, kuma kada ka sa adaftar.

Ina so ka gani da idonka, ba don na faɗa ba. Zare fulogin osiloskop ɗin daga soket. Juya mitarka zuwa inda take yin ƙara idan waya a haɗe take. Ɗora tsinke ɗaya a bakin kadan, ɗayan a ƙafar ƙasa ta fulogi. Za ta yi ƙara. Koma kan zoben ƙarfe na tasha ta biyu, nan ma za ta yi. Ma'ana bakin kadan nan wayar ƙasa ce ta gidan gaba ɗaya, an miƙo maka ita har hannu. Duk inda ka maƙala shi, ka haɗa wurin da ƙasa ke nan kai tsaye, babu rasista a tsakani, babu fis.

To dubi bod ɗin da kake gyarawa. Wutar gida tana shigowa ta fis, ta bi ta dayod huɗu da ke daidaita ta, ta cika babbar kafasita. In wutar gidan bolt 230 ce, kafasitar tana kaiwa wajen 325, in kuma bod ɗin na da sashen PFC, mai gyara yadda bod ke jan wuta daga layi, tana kusantar 400. Ƙafar nagatib ta wannan kafasita ita ce mai ruɗin masu koyo, saboda a zanen bod ana yi mata alama mai kama da ta ƙasa, kuma daga nan ake auna komai na wannan ɓangare. Amma ba ƙasa ba ce. Duk lokacin da wayar laif ta juya zuwa nagatib, dayod ɗaya ne kawai tsakaninta da wannan ƙafa, sai ƙafar ta bi ta har wajen bolt 325 ƙasa da sifili. Sau 50 ko 60 take yin haka a kowane sakan, gwargwadon wutar ƙasar da mutum yake. Ka maƙala bakin kada a nan, ka buɗe wa laif hanya ke nan: ta dayod, ta bakin kada, ta ragar da ke cikin wayar tsinke, ta cikin osiloskop, zuwa ƙasa. Dayod zai fashe, bakin kadan ya narke, wani lokaci layin tagulla na cikin osiloskop ɗin ya ƙone kafin fis ya yanke.

Don haka abokinka bai yi ƙarya ba game da tartsatsi. Maganinsa ne ya fi cutar muni. In ka karya ƙafar ƙasa, wutar ba ta tafi ko'ina ba, hanyar fita kawai ka toshe mata. Yanzu duk ƙarfen da ke jikin osiloskop ɗin, zobban tasha, sukurorin baya, bakin USB, bakin kadan tsinke na biyu da ke yashe a kan tebur, dukkansu suna ɗauke da wannan wuta, suna jiran wanda zai taɓa. Ranar da hannunka ɗaya ya kai kan zoben tasha don ka gyara zaman tsinke, ɗayan kuma yana kan wani abu mai ƙasa, ƙarfen injin soda ko jikin kwamfuta, to ƙirjinka ne ya zama wayar da ka karya. Abokinka ya daɗe lafiya ne saboda hannuwansa biyu ba su taɓa haɗuwa a haka ba, ba don hanyar tana da kyau ba. Ka gaya masa na ce ya mayar da ƙafar, ina roƙonsa.

Ko ba ka maƙala komai ba ma, osiloskop marar ƙasa ba ya zama a sifili. Akwai ƙananan kafasita masu tace hayaniya a mashigar wutarsa, ɗaya daga laif zuwa jiki, ɗaya daga nutural zuwa jiki. In babu ƙasa, sai jikin ya tsaya wajen rabin wutar gida. Abin da ke gudana ɗan kaɗan ne, za ka ji shi kamar tsikari, amma ya isa ya lalata ƙofar MOSFET (wani nau'in taransista) ko wata ƙafar IC mai laushi. Sannan ranar da ka jona wayar USB zuwa kwamfuta mai ƙasa, ƙasar da ka kora ta dawo ta siririyar waya, ita da kwamfutar su sha wutar.

Abin da ya dace a auna wannan ɓangare da shi shi ne tsinken bambanci. Wayoyi biyu gare shi, ja da baƙa, babu bakin kada na ƙasa, kuma kowace waya tana da juriya mai yawa tsakaninta da ƙasa, don haka duk inda ka sa su ba ka haɗa komai ba. Bambancin da ke tsakanin wurare biyun kawai yake kai wa osiloskop. Akwai masu ɗaukar bolt 700, akwai masu haura 1000. Tunda bod ɗin wuta ne abincinka, wannan shi ne abu na gaba da za ka tara wa kuɗi, kafin kowane kayan ƙawa.

Kafin ka samu, akwai dabarar tasha biyu. Cire bakin kada daga tsinkayen biyu gaba ɗaya ka ajiye a aljihun tebur. Sa tsinke ɗaya a wurin da kake son gani, ɗayan a ƙafar nagatib ta kafasita, sannan ka sa osiloskop ya cire tasha ta biyu daga ta farko. Hoton ba zai yi tsabta ba, musamman a sigina mai sauri, amma zai nuna maka ko bod ɗin yana bugawa. Sharaɗin shi ne kowane tsinke ya iya ɗaukar wutar da ke tsakanin wurin da ƙasa. Karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Da yawa daga cikin tsinkayen 10X a bolt 300 ko 400 suka tsaya, alhali ƙafar diren ta MOSFET a irin cajar nan tana iya wuce 500. Can sai 100X.

'Yar ɗakin gwaji:

Baba ya gama magana a kan ƙasa, ba abin da zan ƙara. Bari in ɗauki jakar tarkacen, ƙanena.

Ƙarafan nan biyu masu huji kunnuwan rak ne. Da su ake ɗaure na'ura a cikin kantar ƙarfe mai faɗin inci 19, wato milimita 482.6, inda ake ƙirga tsawo da U, kowane U milimita 44.45. Mai sa kunnuwa sai ya cire mariƙi da robobi, mai aiki a tebur kuma akasin haka. Kai ajiye su za ka yi. Robobin ana jan su ne daga kusurwa a zura, kuma na gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne. Ka duba kada roba ta rufe hujin iska. Mariƙin irin waɗannan mitoci yawanci ba ya buƙatar sukuru: ana buɗa gefunansa biyu waje a juya shi, kuma a wuri guda kawai yake shiga ko fita. In ya ƙi shiga, juya shi za ka yi, ba dannawa da ƙarfi ba. In ya zauna za ka ji ya kama, sai ka jijjiga shi kafin ka yarda ka ɗaga mitar da shi.

Maganar sukuru kuwa, e, akwai laifi. Bayan hujin da ke jikin na'ura sau da yawa bod ne, ko wayar wutar gida, da tazarar 'yan milimita. Dogon sukuru zai iya kaiwa can, ko ya huda bod ɗin, ko ya tsaya dab da layin wuta yadda ba za ka sani ba sai an jona. Nemi littafin na'urar a intanet da lambar da ke bayanta, za ka ga tsawon da aka ƙayyade. Akwai kuma bambancin zare: M3 da M4 na ma'aunin mita ne, 6-32 na inci ne, kuma kaurinsa yana tsakaninsu, shi ya sa yake yaudarar mutum ya shiga zagaye biyu sannan ya cinye zaren. Fara ɗaurawa da yatsu. In ya yi tauri tun farko, ba nasa ba ne. Duk wannan kuma fulogi a zare.

Ni ba zan ɗora mitar a kan fawa safulai ba. In mai babbar taransifoma ne a ciki, shi ya fi nauyi, don haka ba ya hawa kan kowa, amma kuma shi ya fi fitar da zafi, ga maganaɗisun taransifomar da ke iya shiga awo mai laushi. Mitocin tebur masu kyau ana ba da tabbacin daidaitonsu ne a zafin da bai yi nisa da digiri 23 ba, bayan sun ɗauki rabin awa ko awa guda a kunne. Bar fawa safulai a gefe shi kaɗai, bayansa da sarari don fanka ta shaƙa ta fitar. Mita a ƙasa, osiloskop a kan ɗan katako a samanta daidai idonka. Soket ɗin kuma ya zama inda hannunka zai kai ba tare da ka miƙa ta kan bod mai wuta ba.

Kafin ka jona, leƙa bayan kowace na'ura. Tsofaffi da yawa suna da wurin zaɓar 115 ko 230, wani lokaci a jikin gidan fis ɗin ne. Kayan hannu na iya zuwa a kan 115. In ka canza, duba rubutun da ke wurin, don girman fis ma yakan canza.

Tsinkayen kuma, ka mayar da su 10X ka naɗe makunnin da salatif don kada ya zame. A 10X akwai rasista mai megaom 9 a cikin tsinke, ta haɗu da megaom 1 na osiloskop, nauyin da yake ɗora wa bod kaɗan ne, wajen pF 10 zuwa 15. A 1X kuwa nauyin yana ninkuwa sau da yawa, saurinsa ya faɗi sosai, sau da yawa ƙasa da 10 MHz, wutar da zai iya ɗauka ma ta ragu. Gaya wa osiloskop ɗin a cikin saitin tasha cewa 10X ka sa, in ba haka ba bolt 50 zai nuna maka 5. Daga nan maƙala tsinken a ɗan ƙarfen gwaji da ke gaban osiloskop, mai ba da sigina mai kusurwa huɗu, yawanci 1 kHz. Juya ɗan sukurun da ke jikin tsinke da sukuddireba ta roba har saman siginar ya miƙe sak, ba ƙaho ba lanƙwasa. Kowane tsinke a tashar da zai zauna ake yi masa wannan.

Mai Inbata:

Baba, a gafarce ni, ban ga ka ambaci taransifomar keɓewa ba, wadda ke raba wutar bod da wutar gida. Ni da ita nake aiki. In na jona bod a bayanta, ina maƙala bakin kada a nagatib na kafasita lafiya lau, ba tartsatsi, osiloskop kuma da ƙasarsa. Ina ganin ta fi sauƙin samu a kan tsinken bambanci. Abin da kawai zan ja kunnen ɗan'uwa a kai shi ne ba kowace taransifoma ce ke keɓewa ba. Mai juyawa ɗin nan da ake ƙara wuta ko ragewa da ita, da yawancin masu sauke 230 zuwa 110, naɗi ɗaya gare su, shiga da fita a haɗe suke. A gwada da mita tsakanin shiga da fita. In ta yi ƙara, ba ita ba ce.

Baba Mai Rediyo:

Gaskiyarka, malam, kuma gwajin da ka kawo yana da muhimmanci. Hanya ce da aka sani, matuƙar bod ɗin aka jona a bayan taransifomar, ba osiloskop ba. Na jinkirta ambatonta ne don tana sa mai koyo ya saki jiki.

Ga abin da nake so ɗana ya riƙe. Keɓewar tana nan ne kafin ka maƙala bakin kada. Da ka maƙala, kai da kanka ka ba bod ɗin ƙasa, don haka ƙafar fozitib ta kafasita ta koma bolt 325 tsakaninta da duk wani ƙarfe mai ƙasa a ɗakin, da kai kanka. Na'urar RCD ta milliamfiya 30 da ke yanke wuta in ta bi jikin mutum kuwa ba ta ganin abin da ke faruwa a bayan taransifoma. A wurinta komai daidai yake. Sannan bakin kada na tsinke na biyu har yanzu a haɗe yake da na farko. In ɗaya yana nagatib na kafasita ka kai ɗayan wani wuri daban a wannan ɓangare, ka haɗe su ke nan. In ka kai shi ɓangaren fita, ka gina gada a kan ratar da masu ƙera bod suka bari da gangan.

Ko da taransifoma ko babu, a kashe wuta ake maƙala tsinke, a janye hannu, sannan a kunna. Kuma kashe wuta ba ya zubar da kafasita. Mai µF 330 a kan bolt 325 tana riƙe da wajen jul 17, tana iya zama da ita mintuna bayan an zare fulogi. Kada ka haɗe ƙafafunta da sukuddireba. Samu rasista mai kiloom 10, wat 5 ko fiye, ka yi mata wayoyi masu rufi, ka ɗora sakan 20, sannan ka auna da mita ka tabbatar. Awarwaron hannu na kare IC daga wutar jiki yana da amfaninsa a kan bod ɗin da ba ya wuta, kuma a tabbata akwai rasistar megaom 1 a wayarsa. In za a auna ɓangaren wutar gida a kunne, ni cire shi nake yi, tare da agogo da zobe.

Ɗan koyo:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Na yi gwajin, mitar ta yi ƙara a tashoshin biyu kamar yadda ka ce. Yaya, na leƙa baya, duka a kan 230 suke. Saura wayoyin mitar nan iri biyu. Marar rubutun zan iya amfani da shi?

'Yar ɗakin gwaji:

A kan batir da ƙananan bod masu bolt 5 ko 12, babu damuwa. A kan duk abin da ya taɓa wutar gida, mai rubutun kawai. Alamar CAT daga ƙa'idar IEC 61010 take, kuma tana magana ne a kan bugun wuta na farat ɗaya da ke biyo layi, ba wutar yau da kullum kaɗai ba. CAT II na abin da ake jonawa a soket ne, CAT III na allon rarraba wuta da wayoyin cikin gini, CAT IV na mashigar wuta daga waje. A bolt 600, CAT II ana gwada shi da bugun 4000, CAT III da 6000, CAT IV da 8000. Mita da waya in sun haɗu, na ƙasa a cikinsu shi ne matsayinsu duka. Ka kuma karanta gaban mitarka ta tebur: da yawa suna auna har bolt 1000 amma CAT II 300 V kawai aka rubuta musu, wato ba a kai su allon rarraba wuta ko da wace waya ka sa. In wayar CAT III ɗin ta zo da 'yan huluna a bakin tsinke, bar su a kai; su ne ke rage ƙarfen da ke waje zuwa milimita 4 don kada ya zame ya haɗe ƙafa biyu.

Buɗe gidan fis na ramin amfiya ka gani. In asalinsa farin fis ne mai yashi a ciki, kada a musanya shi da na gilashi ko guntun waya, don shi ne ke kashe tartsatsin in an manta jar waya a ramin amfiya aka je auna bolt. Da ka gama auna amfiya, mayar da wayar raminta nan take.

Fawa safulai kuma, saita bolt da iyakar amfiya tukuna, fitar a kashe, ka jona bod, sannan ka kunna fitar. Akwai kafasita a bakinsa wadda iyakar amfiya ba ta tare ta, shi ya sa LED ke mutuwa in an jona shi fitar tana kunne. Koren ramin da ke tsakanin ja da baƙi ƙasa ce. In ka ga ɗan ƙarfe ya haɗa shi da baƙin, ka san nagatib ɗinka ma a ƙasa yake, daidai da bakin kadan osiloskop.